Zaɓin Gado a Wayar Hannu da Matsalar Babakere a Kasuwa

 Abin da aka nemi in yi magana a kansa yana cikin aljihun kusan kowa a wannan zaure, watau wayar nan da ake kira komai-da-ruwanka. Nufina shi ne in bayyana yadda wani ɗan ƙaramin al'amari a cikinta, wanda yawancinmu ba mu taɓa tsayawa mun duba ba, ya zama sanadin manyan shari'u a Amurka da Turai da Indiya, har aka ci tarar wasu kamfanoni kuɗi masu ɗimbin yawa. Daga ƙarshe zan nuna inda maganar ta shafe mu.

Ma'anar zaɓin gado

Duk wanda ya sayi sabuwar waya, da ya kunna ta zai tarar an riga an shirya masa ita. In ya taɓa adireshin wani shafi na intanet, akwai manhajar da za ta buɗe shi ba tare da an tambaye shi ba. In ya rubuta tambaya a ɗan akwatin da ke fuskar wayar, akwai injin binciken da zai amsa masa. Haka nan wajen aika wasiƙa, da duba taswira, da sauraron waƙa. Wannan shiri da mutum yake tararwa, wanda kuma zai ci gaba da aiki muddin bai sa hannu ya sauya shi ba, shi zan kira zaɓin gado a cikin wannan lacca, domin gadonsa aka yi daga masu ƙera wayar.

Ya kamata a rarrabe abu biyu tun da fari. Akwai manhajar da aka ɗora a waya tun daga masana'anta, akwai kuma wadda aka naɗa ta zama ita ce ke amsa kira duk sa'ad da wani aiki ya taso. Sau da yawa manhaja guda ce ke riƙe da matsayin biyu, amma ba dole ba ne. Mutum yana iya sauke wata manhajar shiga intanet da kansa, duk da haka in ya taɓa adireshin da aka aiko masa, sai tsohuwar ta buɗe, saboda ita ce ke kan gadon.

Sai kuma a san cewa kusan dukkan wayoyin zamani na duniya suna tafiya ne bisa ɗaya daga uwayen manhaja guda biyu. Akwai Android, wadda kamfanin Google ya saya a 2005, wayar farko mai aiki da ita kuwa ta fito a 2008. Akwai kuma iOS ta kamfanin Apple, wadda ta zo tare da iPhone a 2007. Ke nan ƙofofi biyu ne kaɗai, kuma masu ƙofofin su ma suna da hajar da suke sayarwa a cikin kasuwar da ƙofofin ke kaiwa gare ta. Tushen matsalar ke nan.

Dalilin da ya sa zaɓin gado ke da ƙarfi

Wani zai ce, ai sauya manhaja bai wuce aikin minti biyu ba, to ina abin tada jijiyar wuya? Amsar ita ce, ɗan Adam ba kasafai yake sauya abin da ya tarar ba, ko da sauyawar ba ta da wuya. Hausawa sun daɗe da lura da wannan, shi ya sa suka ce sabo turken wawa. Masana halayyar mutane kuwa sun auna shi da alƙaluma. A wani nazari da Brigitte Madrian da Dennis Shea suka buga a 2001, sun duba wani babban kamfani a Amurka inda da can sai ma'aikaci ya cika takarda kafin a sa shi cikin shirin tanadin fansho. Ƙasa da rabin sababbin ma'aikatan ne suka shiga. Da aka juya tsarin, aka ce kowane sabon ma'aikaci yana ciki sai in ya nemi a fitar da shi, sai masu tanadi suka haura kashi 80 cikin ɗari. Albashi bai ƙaru ba, sharuɗɗan shirin ba su sake ba, abin da mutum zai tarar ne kurum aka canza. Ina tsammani ma'aikatan da ke cikin zauren nan sun fi kowa gane wannan misali.

A wajen waya, dalilai uku ne suka taru. Na farko, mutane da yawa ba su ma san ana iya sauyawa ba. A ganinsu akwatin bincike da wayar abu guda ne, kamar ƙota da ruwan fartanya. Na biyu, wanda ya sani sau da yawa bai san inda aka ɓoye wurin sauyawar ba, ga fuskar waya ƙarama, ga saituna birjik. Na uku, mutane suna ɗaukar abin da suka tarar tamkar shawara ce daga wanda ya fi su sani.

Hukumar Tarayyar Turai ta kawo wata hujja mai ƙarfi game da wannan. A shekarar 2016, a wayoyin Android, inda aka ɗora injin binciken Google tun daga masana'anta, fiye da kashi 95 cikin ɗari na tambayoyi ta hannun Google suka bi. A wayoyin Windows kuwa, inda Bing na kamfanin Microsoft ke kan gado, abin da ya bi ta Google bai kai kashi 25 ba. Mutanen nahiya ɗaya ne a shekara ɗaya, bambancinsu abin da kowa ya tarar a hannunsa.

Inda kuɗin yake

Domin a fahimci abin da ya sa kamfanoni ke kokawa a kan wannan gurbi, bari in ɗauko misali daga tsarin fataucinmu na da. In falke ya iso wani gari da kayansa, yakan sauka a gidan fatoma. Shi baƙo ne, bai san kasuwa ba, saboda haka duk dillalin da mai masauki ya haɗa shi da shi, da shi zai yi ciniki. Dillali mai wayo ya san cewa ya fi masa sauƙi ya shirya da masu masauki goma, yana yaga musu wani abu daga la'adarsa, da ya tsaya a bakin kasuwa yana kiran fatake ɗaya bayan ɗaya. In ya gama da dukkan masu masaukin garin, sauran dillalai sai zaman banza, ko da a cikinsu akwai wanda ya fi shi gaskiya da iya ciniki.

To, mai waya shi ne falke, kamfanin wayar shi ne fatoma, injin bincike kuwa shi ne dillali. Bincike kyauta ne a ido, amma kowace tambaya da mutum ya rubuta tana bayyana abin da yake bukata, masu talla kuwa suna biyan kuɗi don a nuna masa hajarsu a daidai wannan lokaci. A shari'ar da aka yi a Washington, an bayyana cewa a shekarar 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera waya da kamfanonin sadarwa da masu manhajar shiga intanet, domin ya zama shi ne zaɓin gado. A 2022 kason Apple shi kaɗai ya kai dala biliyan 20. Wani shaida ma ya faɗa a gaban kotu cewa la'adar da Apple ke karɓa ita ce kashi 36 cikin ɗari na kuɗin tallan da aka samu daga binciken da aka yi ta manhajarsa ta Safari. Har ila yau, takardun Google na cikin gida sun nuna cewa a 2020 kamfanin ya ƙiyasta zai yi asarar kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na tambayoyin da ke zuwa masa daga na'urorin Apple in ya rasa wannan gurbi. Ruwa ba ya tsami banza. Ɗan kasuwa ba ya biyan irin wannan kuɗi a kan abin da ba ya jawo masa riba.

Akwai wani abu kuma bayan kuɗi. Injin bincike yana koyo ne daga masu amfani da shi. Duk sa'ad da mutum ya yi tambaya ya zaɓi amsa ɗaya ya bar sauran, ya koya wa injin wani abu. Wanda ya fi samun tambayoyi shi zai fi ƙwarewa, wanda ya fi ƙwarewa shi zai fi samun talla, wanda ya fi samun talla kuwa shi ke da abin sayen gurbin gado na shekara mai zuwa. Haka abin zai yi ta zagayawa, na gaba yana ƙara nisa.

Yadda hukumomi suka tunkari al'amarin

Wannan rigima ta girmi wayar zamani. A 1998 gwamnatin Amurka ta kai Microsoft ƙara, bisa dokar Sherman ta 1890 wadda ta hana babakere, saboda ya ɗaure manhajarsa ta Internet Explorer a jikin Windows don ya murƙushe abokiyar gasarta Netscape. A shekarar 2000 alƙali ya ba da umurni a raba kamfanin gida biyu, amma a 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar, ko da yake ta tabbatar da cewa kamfanin ya bi haramtattun hanyoyi wajen tsare matsayinsa. A Turai kuwa, Microsoft ya yi alkawari a 2009 zai riƙa nuna wa masu kwamfuta wani allon zaɓi mai ɗauke da manhajoji goma sha biyu na shiga intanet. Daga Mayu 2011 zuwa Yuli 2012 allon ya daina bayyana ga mutane wajen miliyan 15, kamfanin ya ce kuskuren na'ura ne, aka ci shi tarar Yuro miliyan 561 a 2013.

Da zamanin waya ya zo, sai ido ya koma kan Google. A Rasha, kamfanin Yandex ya kai kuka ga hukumar ƙasarsa a 2015, aka yi sulhu a 2017 bisa sharaɗin a riƙa nuna wa masu Android allon zaɓi. A watan Yuli na 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34 bisa laifuffuka uku. Na farko, ya ɗora wa masu ƙera waya sharaɗin cewa ba za su sami rumbun manhajojinsa na Play Store ba sai sun ɗora injin bincikensa da manhajarsa ta Chrome. Na biyu, ya biya wasu manyan masu ƙera waya da kamfanonin sadarwa don kada su ɗora injin kowa sai nasa. Na uku, ya hana masu son manhajojinsa sayar da wayoyi masu aiki da wani reshe na Android wanda bai amince da shi ba. A 2022 kotun Tarayyar ta tabbatar da mafi yawan hukuncin, ta soke sashen da ya shafi biyan kuɗi, ta rage tarar zuwa Yuro biliyan 4.125. A wannan shekarar ce kuma hukumar gasa ta Indiya ta ci Google tarar da ta haura Rupi biliyan 13 a kan kusan irin waɗannan al'amura.

A Amurka, Ma'aikatar Shari'a ta shigar da ƙara a watan Oktoba na 2020, aka fara sauraro a Satumba 2023. Ran 5 ga Agusta 2024 Alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike, kuma ya yi amfani da yarjeniyoyin zaɓin gado wajen tsare wannan matsayi ba bisa doka ba. Kotu ta gano cewa a 2020 kusan kashi 90 cikin ɗari na bincike a ƙasar ta hannun Google ya bi, a wayoyi kuwa kusan kashi 95. Sai dai da aka zo maganar magani a Satumba 2025, alƙalin bai tsananta ba. Ya ƙi tilasta wa Google sayar da Chrome, bai kuma hana shi biyan la'ada ba. Ya dai haramta yarjeniyar da ke toshe wa wasu hanya, ya kuma umurce shi ya ba abokan gasa wasu daga cikin bayanan bincikensa.

Turawan Tarayyar Turai sun lura cewa shari'a tana cin shekaru, kafin a gama ta kuwa kasuwa ta riga ta watse. Saboda haka a 2022 suka kafa Dokar Kasuwannin Dijital, wadda ke shimfiɗa ƙa'ida tun kafin a yi laifi. A Satumba 2023 aka ayyana kamfanoni shida a matsayin masu tsaron ƙofa: Alphabet mai Google, da Amazon, da Apple, da ByteDance, da Meta, da Microsoft. Daga Maris 2024 ya wajaba a kansu su bar mutane su cire manhajojin da suka tarar, su sauƙaƙa sauya zaɓin gado, su kuma nuna allon zaɓi. Wanda ya saɓa ana iya cin sa tarar da ta kai kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa na duniya a shekara. Ya kamata a tuna cewa shi Apple, sai a 2020 ya fara barin masu iPhone su sauya manhajar shiga intanet da ta wasiƙa, watau bayan shekara goma sha uku da fitowar wayar.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ya wajabta mu ji ta bakin waɗanda ake tuhuma, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Google yana cewa mutane suna bin sa ne don ya fi kowa iya aikin, shi ma Alƙali Mehta ya yarda cewa injinsa ne mafi inganci. Suna kuma kafa hujja da cewa a kwamfutocin Windows, inda Bing ke kan gado, mafi yawan mutane Google suke komawa. Da Apple ya ɗora taswirarsa a maimakon ta Google a 2012, aka tarar tana cike da kurakurai, mutane suka yi ta ƙorafi har shugaban kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Haka nan Mozilla, mai manhajar Firefox, ta ɗora Yahoo a kan gado a Amurka a 2014, ta komo wa Google a 2017. Waɗannan sun nuna cewa gado ba ya ceton hajar da ta lalace ƙwarai.

Hujja ta biyu ita ce ta farashi. Google yana ba masu ƙera waya Android kyauta, yana fanshewa ta wajen talla, wannan kuwa yana cikin abin da ya sa waya mai araha ta samu a ƙasashe irin namu. Hujja ta uku, mafi yawan kuɗin shigar Mozilla daga wannan la'ada yake fitowa, saboda haka in aka hana biya baki ɗaya, mai yiwuwa ƙananan ne za su fara jin jiki. Ta huɗu, dole waya ta zo da wani shiri. Ba wanda zai so ya amsa tambayoyi hamsin kafin ya buga wa iyalinsa.

Shi kansa allon zaɓi ba maganin kowace cuta ba ne. Da Google ya fara nuna shi a Turai a 2020, gwanjon gurabensa ya riƙa yi, wanda ya fi tayi shi ke bayyana. Ƙananan injuna irin su DuckDuckGo da Ecosia suka yi kuka, sai a 2021 aka mai da shi kyauta. Bugu da ƙari, in ka jera wa mutum sunaye goma ya san ɗaya kaɗai, wanda ya sani zai taɓa. A Rasha allon ya taimaki Yandex domin dama sananne ne a gida. A mafi yawan Turai kuwa rinjayen Google bai girgiza sosai ba.

To, ina gaskiyar take? A ganina, tambayar da dokar gasa ke yi ita ce ko an bar hanya a buɗe ga wanda zai iya fin na yau gobe. Girma ba laifi ba ne, fin kowa iyawa ma ba laifi ba ne. Laifin shi ne a yi amfani da ribar yau a saye dukkan ƙofofi, har masu jari su ga ba amfanin zuba kuɗi a sabon abu tun da ba zai kai ga jama'a ba. Asarar da ke cikin wannan ba ta ganuwa, domin ita ce hajar da ba a taɓa ƙerawa ba, da sauƙin kuɗin tallan da ba a taɓa samu ba, wanda a ƙarshe mai saye ne ke biya a cikin farashin kaya.

Inda abin ya shafe mu

Mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'armu Android ne, kaso mai yawa kuwa na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel. Shi ma ya san darajar gado. Manhajar waƙoƙi ta Boomplay, wadda yake da hannu a cikinta, ta fara ne a 2015 a jikin wayar Tecno, kuma zuwanta a cikin waya yana daga cikin abin da ya yaɗa ta. Ba ina cewa an karya doka ba ne. Ina nuna cewa dabarar ɗaya ce. Ɗalibin da ke cikin zauren nan wanda gobe zai ƙirƙiro manhajar Hausa, da wannan bango zai yi karo.

Akwai kuma wani mai masauki da babu shi a lissafin Turawa. Je ka kasuwar waya irin ta Farm Centre a Kano, za ka ga mai saye yana miƙa sabuwar wayarsa ga wani yaro ya saita masa, ya buɗe masa akwatin wasiƙa, ya ɗora masa manhajoji. Abin da yaron ya zaɓa shi ne gadon wannan waya har ta mutu. Duk allon zaɓin da za a kawo nan, in ba a yi shi da harshen da mai wayar ke karantawa ba, yaron nan ne zai amsa shi.

Ba a ce ba mu da makami ba. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta haramta wa mai rinjaye a kasuwa yin amfani da rinjayensa wajen danne wasu, ta kuma kafa hukumar FCCPC. A Yuli 2024 wannan hukuma ta ci Meta tarar dala miliyan 220, a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Mun kuma taɓa ganin amfanin sauƙaƙa sauyi: a 2013 hukumar sadarwa ta NCC ta ba mutum damar ya koma wani kamfanin waya ba tare da ya rasa lambarsa ba.

Kammalawa

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman masu tsara doka da masu sayo wa ma'aikatu na'urori, shawarata ita ce ku riƙa tambayar abin da ke cikin na'ura, da wanda ya sa shi, da ko ana iya cire shi, da kuma inda bayanan ofis ke tafiya. Sauƙin da dokar Turai ta kawo, sau da yawa a iyakar Turai yake tsayawa, ba zai iso nan ba sai an nema. Ga ɗalibai kuwa, fagen nazari ne a buɗe ga mai karatun shari'a da mai tattalin arziki da mai kimiyyar kwamfuta. Ga kowa da kowa, in an tashi daga nan, a shiga saitin waya, a nemi sashen manhajoji, a duba waɗanda ke kan gado. In mutum ya gwada wata ya ga ta da ta fi, sai ya koma mata, wannan karon da saninsa.

Shugaban taro, nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.